BABI NA UKU: ZAƁEN FUROSESA A KWAMFUTOCIN TAFI-DA-GIDANKA MARASA NAUYI A KARKARAR AREWACIN KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin shigowar kwamfuta ƙasar Hausa da ire-irenta. A wannan babi kuwa za a duba matsala guda ɗaya da take ci wa masu sayen kwamfutar tafi-da-gidanka tuwo a ƙwarya, wato yadda za a zaɓi ɗaya daga cikin furosesoshi biyu ko uku waɗanda sunayensu suka yi kama da juna. An taƙaita bayanin a kan sirara marasa nauyi, waɗanda ɗalibi zai iya jefawa a jaka ya hau babur da su. Haka kuma an kalli matsalar ta fuskar mazauna karkarar arewacin Jihar Kano, kamar ƙasashen Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa.

Wani ɓangare na wannan yanki yana cikin abin da masanan labarin ƙasa Mortimore da Wilson suka nazarta a 1965, inda suka nuna cunkoson jama'a da ƙanƙantar gonaki a kewayen birnin Kano. Manomi a nan yana noma gero da dawa da gyaɗa da wake a 'yar gonarsa kowace shekara ba tare da ya bar ta ta huta ba, yana taimaka mata da taki. Abin da ya rage bayan an cire na ci ba shi da yawa. Saboda haka idan magidanci ya kai buhunan wake ko riɗi kasuwar Dawanau, ko ya sayar da sa a kasuwar Dambatta, domin ya saya wa ɗansa da ke Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako kwamfuta, to saye ne na sau ɗaya. In an yi kuskure, babu kuɗin gyara shi sai wata kakar, in ma an samu.

3.1 Ma'anar Furosesa da Yadda Take Aiki

Furosesa ita ce 'yar ƙaramar na'urar da take aiwatar da duk wani lissafi da umarni a cikin kwamfuta, shi ya sa wasu suke kiranta ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfanoni biyu na Amurka ne suka daɗe suna mamaye wannan kasuwa, wato Intel da aka kafa a 1968, da AMD da aka kafa a 1969. A watan Nuwamba na 2020 kamfanin Apple ya fara sanya tasa furosesar mai suna M1 a cikin kwamfutocinsa.

Abubuwa uku ake dubawa wajen auna ƙarfin furosesa. Na farko shi ne yawan ƙwayoyinta, domin kowace ƙwaya tamkar ma'aikaci guda ce. Na biyu shi ne saurin kowace ƙwaya, wanda ake aunawa da gigahaz. Na uku shi ne ƙirar ƙwayar, wato yawan aikin da take gamawa a bugu ɗaya. Idan aka kwatanta da aikin gayya, ƙwayoyi su ne yawan 'yan gayya, gigahaz shi ne yawan saran da kowannensu yake yi a minti, ƙira kuwa ita ce faɗin bakin fartanyar da ke hannunsa. Mutum biyu masu zafin nama ba za su riga mutum huɗu gama gona ba, in dai gonar tana da faɗin da kowa zai kama kunyarsa. Amma akwai aikin da ba ya rabuwa, kamar haƙar rami guda, wanda a nan zafin naman mutum ɗaya ne yake amfani. Haka ayyukan kwamfuta suke. Buɗe takarda ko shafin intanet ya fi dogara ga saurin ƙwaya ɗaya, tace bidiyo da haɗa sauti kuwa suna amfana da yawan ƙwayoyi.

Akwai abu na huɗu wanda ba a cika ambatonsa a shago ba, alhali shi ne ya raba siririyar kwamfuta da sauran, wato yawan wutar da aka ƙayyade wa furosesa, wanda ake aunawa da wat. Duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa, kuma siririn gida ba shi da wurin babbar fanka. Tun daga fitowar MacBook Air a 2008, da kuma tsarin Ultrabook da Intel ya ƙaddamar a 2011, aka riƙa ƙera furosesoshi na musamman masu ƙarancin shan wuta domin irin waɗannan kwamfutoci.

3.2 Karanta Sunan Furosesa

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A shagunan titin Beirut da kasuwar Farm Centre a birnin Kano, inda mafi yawan mutanen karkara suke zuwa saye, abin da mai saye ya fi tambaya shi ne ko kwamfutar i5 ce ko i7, domin ya ɗauka bakwai ta fi biyar a kowane hali. Wannan fahimta ita ce tushen mafi yawan asarar da ake yi. Sunayen i3 da i5 da i7 sun fara ne tsakanin 2008 da 2010, kuma an yi fiye da shekara goma ana maimaita su a kan furosesoshi mabambanta. Ke nan sunan shi kaɗai bai nuna shekarar ƙira ko yawan ƙwayoyi ba.

3.2.1 Furosesoshin Intel

Cikakken suna yana da sassa uku. Alal misali, a cikin i5-8250U, i5 shi ne matsayi, lambar farko wato 8 ita ce zubi, abin da 'yan kasuwa suke kira jenareshan, harafin ƙarshe kuma yana nuna shan wuta. Harafin U yana nufin wat 15, kuma shi ne aka fi samu a sirara. Harafin Y ya fi shi ƙarancin shan wuta da ƙarancin ƙarfi. Harafin H kuwa yakan kai wat 45, na manyan kwamfutoci ne masu nauyi da babbar caja.

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne kwatanta i7-7500U ta 2016 da i5-8250U ta 2017. Dukansu wat 15 ne. Ta farko tana da ƙwayoyi biyu, saurinta yakan kai gigahaz 3.5. Ta biyun tana da ƙwayoyi huɗu, saurinta yakan kai 3.4. A aikin da ba ya rabuwa kusan kunnen doki suke yi, amma a aikin da yake rabuwa i5 ɗin ta yi wa i7 ɗin nisa ƙwarai. Dalili shi ne a zubi na takwas ne Intel ya ninka ƙwayoyin i5 da i7 masu harafin U daga biyu zuwa huɗu. Wanda ya ƙara kuɗi ya ɗauki i7 ta zubi na shida ko na bakwai ya bar i5 ta zubi na takwas, ya biya kuɗin suna ne kawai. Abin lura a nan shi ne, akwai kwamfutocin hannu irin su Dell Latitude 7490 da Lenovo ThinkPad T480 waɗanda aka fitar da wasunsu da zubi na bakwai, wasu kuma da na takwas, alhali gidansu iri ɗaya ne sak. Kallon gida ba ya wadatarwa.

A cikin zubi ɗaya kuwa, ratar da ke tsakanin i5 da i7 ba ta kai yadda ake zato ba. i5-8250U da i7-8550U duk ƙwayoyi huɗu gare su. i7 ɗin ta ɗara da sauri, 4.0 a maimakon 3.4, da kuma ma'ajiyar kusa ta megabait 8 a maimakon 6. Haka abin yake tsakanin i5-1135G7 da i7-1165G7 na 2020, sai dai a nan i7 ɗin ta ɗan fi ƙarfin sarrafa hoto. Tsakanin i5-8250U da i5-8350U kuwa, bambancin gigahaz 0.2 ne a ƙololuwar sauri, sai wani tsari mai suna vPro wanda manyan ma'aikatu suke amfani da shi wajen lura da kwamfutocinsu daga nesa. Ɗalibin da ke Tsanyawa ba shi da abin da zai yi da shi.

Daga zubi na goma sha biyu a 2022, lissafin ƙwayoyi ya sake salo. i5-1235U tana da ƙwayoyi goma, amma biyu ne kawai manya, takwas ƙanana ne masu tsimin wuta. Don haka ba a kwatanta goman nan da ƙwayoyi shida ko takwas na wata furosesa kai tsaye. A ƙarshen 2023 kuma kamfanin ya fito da sabon suna, Core Ultra, wanda ba shi da harafin i.

Akwai kuma sababbin kwamfutoci 'yan kwali masu araha, waɗanda suke ɗauke da furosesa irin Celeron N4020 mai ƙwayoyi biyu. Sabuntarsu takan ja hankalin iyaye, amma tsohuwar i5 ta zubi na takwas ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba.

3.2.2 Furosesoshin AMD da Apple

An daɗe ana ƙyamar AMD a kasuwannin Kano bisa zargin tana zafi. Wannan zargi yana da tushe a tsofaffin furosesoshin kamfanin, amma bai dace da jerin Ryzen 4000 na 2020 da waɗanda suka biyo baya ba. Ryzen 5 4500U tana da ƙwayoyi shida a wat 15, a lokacin da takwarorinta i5 na sirara suke da huɗu. Sai dai sunayen AMD su ma suna da nasu tarkon. Ryzen 5 5500U da 5600U duk na 2021 ne, duk ƙwayoyi shida gare su, amma ta farko tsohuwar ƙira ce mai suna Zen 2, ta biyu kuwa Zen 3 ce. A jerin 7000 abin ya ƙara rikicewa, domin lamba ta uku ce take nuna ƙira. Ryzen 5 7520U ƙwayoyi huɗu ne da ita na Zen 2, yayin da 7530U take da shida na Zen 3. Wato 7520U, duk da girman lambarta, ba ta kai 5600U ba.

Dangane da M1 ta Apple, ba ta da sa'a a cikin tsararrakinta wajen tsimin batir, kuma MacBook Air mai ɗauke da ita ba ta da fanka sam. Matsalarta ita ce tsada da wahalar kayan gyara, sannan manhajoji da yawa da ake ba wakilan rajista an yi su ne don Windows.

3.3 Zafi da Ƙura da Wutar Lantarki

Alƙaluman da aka kawo a sama an auna su ne a ɗakunan gwaji masu sanyi. Yanayin arewacin Kano daban ne, kuma shi ne yake yanke hukuncin ƙarshe tsakanin furosesoshi masu kama da juna.

Ƙololuwar saurin da ake rubutawa a jikin kwali ba ta ɗorewa. Furosesa takan zabura ta kai wannan sauri na ɗan lokaci, sau da yawa ƙasa da minti ɗaya, sannan ta dawo gwargwadon wutar da aka ƙayyade mata. Dalilin haka shi ne ƙarin sauri yana buƙatar ƙarin ƙarfin wuta, kuma zafin da ake samu yana hauhawa fiye da yadda saurin yake ƙaruwa. Idan zafin ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, wanda shi ne iyakar da aka sanya wa yawancin furosesoshin Intel na wannan aji, sai furosesar ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kamfanoni irin su Apple sun ƙayyade cewa a yi amfani da kwamfutocinsu a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 35. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin Kano yakan kai digiri 40, ballantana a cikin ɗaki ko shago mai rufin kwano da tsakar rana. Iskar da fanka take jawowa domin ta sanyaya furosesa ita kanta mai zafi ce. Sakamakon haka, i7 da i5 na zubi ɗaya a cikin siririn gida ɗaya sukan dawo kusan gudu ɗaya bayan 'yan mintoci na aiki mai nauyi, domin abin da yake iyakance su shi ne ƙarfin sanyayawa. Ƙarin kuɗin da aka biya wa i7 ya tafi a kan saurin da yanayin wurin ba zai bari a more shi ba.

Daga nan kuma ake gane cewa furosesa ɗaya tana iya yin aiki daban a gidaje biyu. Kamfanin da ya ƙera kwamfutar shi yake zaɓar yawan wutar da zai sakar mata. Alal misali i5-1135G7 ana iya saita ta daga wat 12 zuwa 28. Kwamfutar da ta ɗan fi kauri, mai faffaɗan bututun tagulla da wadatacciyar mafitar iska, za ta fi wadda aka matse ta don ƙawa, ko da sunan furosesarsu ɗaya ne. Ga mazaunin karkara, kwamfutar da ta fi kowace siranta ba ita ce ta fi dacewa ba.

Da hunturu kuwa ƙura ce take shiga ta toshe haƙoran da iska take bi. Ga kuma man da ake shafawa tsakanin furosesa da bututun sanyaya, wanda yakan bushe bayan shekaru. Mafi yawan kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sun yi shekaru suna aiki a ofisoshi kafin su iso Legas, daga can su zo Kano. Sau da yawa abin da ake ɗora wa laifin raunin furosesa, ƙura ce da busasshen mai, kuma mai gyara zai iya magance shi da kuɗi kaɗan. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko tabarma mai laushi, abin da ɗalibai suka saba, shi ma yana toshe mata numfashi.

Batun wuta ya fi duka nauyi. Ƙauyuka da yawa a yankin ba su da layin wuta, waɗanda suke da shi kuma ba sa iya dogara da shi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta don cajin kwamfuta ɗaya ya zama asara, shi ya sa aka koma ga sola da shagunan masu cajin waya. A irin wannan hali, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce awa nawa kwamfuta za ta yi a caji ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne. Batirin da yake ɗaukar wat-awa 50, kamar na HP EliteBook 840 G5 yana sabo, zai yi kimanin awa shida idan kwamfutar gaba ɗaya tana shan wat 8, amma in tana shan wat 12 kimanin awa huɗu ne kawai. Idan kuma batirin ya tsufa ya koma rabin ƙarfinsa, sai a raba waɗannan awoyi biyu. Ke nan lafiyar batir tana iya shafe duk wani bambanci da ke tsakanin furosesoshi biyu. Har wa yau, cajar mai harafin U takan kasance wat 45 ko 65, wadda ƙaramar sola za ta iya ɗauka, ta mai harafin H kuwa takan ninka haka. Wanda ya sayi mai harafin H don a ce tasa ta fi ƙarfi, yakan wayi gari da kwamfutar da ba ta kai shi azahar.

3.4 Matsalar Windows

Akwai wani dalili da ya sa zubi na takwas ya zama kan iyaka. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, kuma ya sharɗanta cewa sai furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, ban da wasu 'yan ƙalilan. A ɓangaren AMD na tafi-da-gidanka, irin su Ryzen 5 3500U ta 2019 da waɗanda suka biyo bayanta suna ciki. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 na yau da kullum, ya ba da ƙarin wa'adin shekara ɗaya ga waɗanda suka yi rajista. Wannan ya sa ma'aikatun ƙasashen waje suka riƙa rabuwa da tsofaffin kwamfutocinsu, kuma irin waɗannan kaya ƙasashe irin Nijeriya suke nufowa. Masu gyara suna da dabarun ɗora Windows 11 a kan zubi na shida da na bakwai, har mai saye ya ga sabon allo ya ɗauka komai daidai ne, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyaren tsaro ba. Ga mai shagon da yake riƙe bayanan mutane, kamar mai yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ko mai hulɗa da asusun banki, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

3.5 Abubuwan da Suke Kewaye da Furosesa

Furosesa ba ta aiki ita kaɗai. Idan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, bai wuce gigabait 4 ba, ko kuma ma'ajiyar dindindin tsohon faifai ne mai juyawa a maimakon SSD, to ko wace irin furosesa aka sa zaman jira za ta riƙa yi. i5 mai gigabait 8 ko 16 da SSD ta fi i7 mai gigabait 4 da faifai amfani a kowace rana. Saboda haka idan kuɗi sun gaza, a nan ya kamata a zuba rarar da aka samu ta hanyar barin i7. A sirara da yawa, kamar ThinkPad X1 Carbon da MacBook Air, an liƙe RAM a jikin allon uwa, ba a iya ƙara shi. A wasu kuwa, kamar EliteBook 840 G5, akwai gurbi biyu, don haka ana iya sayen mai gigabait 8 bana, a ƙara baɗi bayan an cire amfanin gona. Wannan dama ta saye kaɗan-kaɗan ta fi dacewa da aljihun manomi.

3.6 Dacewar Furosesa da Aikin Mai Saye

Ɗalibin da aikinsa bai wuce buga kundi da karanta littattafai da gwajin jarrabawar JAMB ba, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kowace i5 ta zubi na takwas zuwa sama ko Ryzen 5 daga 3500U ta ishe shi, kuma idan biyu suka yi kusa da juna a farashi, mai lafiyayyen batir zai ɗauka. Haka malamin makaranta da malamin gona mai tattara bayanai. Matashin da yake tace bidiyon biki ko haɗa sauti shi ne yake da hujjar neman ƙarin ƙwayoyi, kuma a nan Ryzen mai shida ko takwas ta fi i7 mai huɗu.

Kafin a biya kuɗi, ba a dogara da tambarin da aka manna kusa da madannai, domin ana ɓare shi a sauya. A Windows, shafin Task Manager yana nuna cikakken sunan furosesa da yawan ƙwayoyinta, umarnin powercfg /batteryreport kuma yana fitar da ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa. Ya kamata a tabbatar babu lambar sirri da tsohuwar ma'aikata ta kulle kwamfutar da ita, in kuwa ta Apple ce a tabbatar an cire asusun mai ita na farko. Sannan a zare caja, a kunna bidiyo, a buɗe shafuka da dama, a bar ta kamar minti goma sha biyar ana sauraron kukan fanka ana taɓa ƙasanta. Mai shagon da ya amince da kayansa ba zai hana wannan gwaji ba. Mutumin da ya taso daga Kunci ko Makoɗa kuwa ya fi kowa buƙatar yinsa, domin dawo da kwamfuta birni zai ci masa kuɗin mota da yini guda, kuma wa'adin da ake bayarwa a kan kayan hannu gajere ne, yakan ƙare kafin ya samu sukunin dawowa.